Ƙwarƙwatar Wardi

A shekarar da soja suka koma bariki, abu biyu Abba yake ji da su a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi: rediyonsa, da wardin da ya dasa cikin tsofaffin tayoyin mota a jikin katanga. Ma'aikacin gwamnati ne, kuma in ya taso daga ofis ba ya ko cire hula sai ya je ya duba furanninsa. Umma kan ce da wardin nan yana gaisuwa, da ya riga mu samun amsa.

Inna, mahaifiyar Abba, tana zaune da mu a ɗakin da ke kusa da kicin. Sunanta aka sa mini, shi ya sa ba mai kama sunana a gidan. Kowa Ummi yake cewa, ita kuma takwara. Lokacin sanyi, da an idar da sallar magariba takan fito da kaskonta na garwashi ƙofar ɗaki, ta binne dankali a toka, ni da ƙanwata Safiya mu zauna muna miƙa tafin hannu. In Abba ya ƙure rediyo ana ta maganar mulkin farar hula, sai ta taɓe baki ta ce, "Farar hula ba wuya. A dai ɗaga hular mu ga kan." Muna dariya ba tare da mun san abin da muke wa dariya ba.

A wannan sanyin ne aka zaɓe ni a makaranta in miƙa wa sabon kansilan unguwarmu fure ranar da zai kawo ziyara. Abba ya ce ba furen roba da za a saya, nasa za a yanka. Umma ta aika wa mai kitso ta zo ranar Asabar. Kowa yana murna. Ni kuwa ina ɗauke da abin da ban gaya wa kowa ba: ƙwarƙwata ce a kaina.

Ban san inda na samo ta ba. Na dai san wata safiya na sosa ƙeya, na ga abu yana motsi a farcena. Umma ta sha faɗa, tana faɗa tana nuna mu da ludayi: "Duk wadda ta kwaso mini ƙwarƙwata a gidan nan, aski zan yi mata tal-kwabo." Gashina shi ne abin da ake yaba mini, ba ni da kyan Safiya, ba ni da bakinta. Mai kitson nan kuma, abin da ta gani a kan mutum da hantsi, kafin la'asar ya kai Darmanawa. Sai na koma ɗaure ɗankwali tamau har cikin barci. In ƙaiƙayi ya taso a gaban mutane, sai in cije leɓe in yi ta kallon ƙasa har idona ya kawo ruwa.

Shi ma wardin Abba ba lafiya gare shi ba a kwanakin. Sabon toho ya nannaɗe, ganye ya yi danƙo kamar an shafa masa zuma, wasu sun yi baƙi-baƙi, kawunan furen sun ƙi buɗewa. Kiyashi kuwa sai hawa da sauka suke a jikin itacen. Abba ya ƙara ruwa, ya ƙara taki, abin sai gaba yake. Inna ta wuce da butarta ta kalli wardin, ta kalle ni ina tsaye na dafe ɗankwali.

Da yamma muka zauna gaban kasko. Inna ta ce, "Ga ta nan, ta taho da sanyinta." Muka ce, "Ta matso ta ji ɗumi." Haka muke yi da ita, don Inna ba ta buɗe tatsuniya iri ɗaya sau biyu.

Ta ce wai a wani lambu akwai Wardi, wadda ko iska in za ta wuce sai ta rage gudu. Wata rana wasu 'yan ƙwari kore-kore, ƙanana kamar ƙwayar riɗi, suka sauka a bayan ganyenta suna tsotso. Wardi ta ji su sarai, amma ta duba ta ga daga sama ba a ganin komai, sai ta yi shiru. Kiyashi ya hau ya gani, ya ce, "Kada ki damu, uwar ɗakina, asirinki a rufe yake. Ni zan yi miki gadi." Ashe 'yan ƙwarin nan wani ruwa mai zaƙi suke fitarwa, shi kiyashi yake lasa. Gadin shanunsa yake yi, ba gadinta ba.

Kullum da safe wata 'yar ƙwaro ja mai ɗigo-ɗigon baƙi a baya, kamar an ɗiga mata tozali, takan zo ta yi sallama. Nan Inna takan siranta murya: "Ina kwana, Wardi? Na ga kin rame. Ɗan ɗaga mayafin nan in gani." Sai ta buɗe murya ta yi ta Wardi: "Lafiyata lau. Sanyi ne." Kiyashi kuma ya taso da cizo ya kori baƙuwa. Wardi tana gode masa, tana ƙanƙance ganye, tana bushewa. Har ƙudan zuma suka daina biyowa.

Safiya ta ce, "Inna, ita wawiya ce?"

"A'a, kunya ce. Kunya ta fi wauta cin mutum, don ita mai hankali take kamawa."

Ni dai ban ɗaga kai ba. Garwashin nan nake kallo, kunnuwana sun fi shi zafi, kaina kuma kamar an zuba masa barkono, ga hannuna na danne shi a ƙarƙashin cinya.

Inna ta ce ranar nan iska ta taso ta kifa ganye guda, baƙuwa tana tsaye. Wardi ta so ƙasa ta tsage. Baƙuwa ta leƙa, ta yi dariya ta ce, "Wannan ne kike ta ɓoyo? Ai abincina ne. Yanzu na baro su a jikin wake, jiya a jikin dawa. Su ba su san mai kyau ba, ba su san mummuna ba, taushi kawai suke bi." Ta zauna ta cinye su tas, kiyashi ya kwashe ya yi gaba ko sallama babu.

Inna ta tono dankali ta ba Safiya, ta ce ta kai wa Umma nata. Sai da takun Safiya ya yi nisa ta juyo, ta rage murya, ta ce, "Ƙurunƙus. Yau ba kan ɓera ba, takwara. Kan wa?"

Kuka ya ƙwace mini. Ta jawo ni ta kwance ɗankwalin, ta karkata kaina wajen hasken wuta, ta bi ƙeyata da yatsa. Na ji ƙas, ta fasa ɗaya tsakanin farcenta.

"Inna, don Allah kada ki gaya wa Umma. Aske ni za ta yi."

"Kin ga na yi miki kama da kiyashi?" Ta goge farce a toka. "A kan matashin kai ɗaya kuke kwana da 'yar'uwarki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ga Asabar nan tafe. Ni ba zan faɗa ba. Tashi za ki yi ki je da ƙafarki, ina bayanki."

Tsakar gidanmu ba ta da wani faɗi, amma ban taɓa yin tafiya mai nisanta ba. Umma tana tankaɗe a bakin kicin. Na durƙusa, kaina a buɗe, na sunkuyar mata da kan. Ta haska da fitila. Ta kira Safiya ta duba nata, ta samu har an fara ƙwai. Ba ta dake ni ba, ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Tun yaushe, Ummi?" Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Ta shiga ɗaki ta fito da almakashi da reza.

Inna ta gyara tsayuwa a kan sandarta. Surukai ne masu jin nauyin juna, ban taɓa jin ɗaya ta katse ɗaya ba. Ta ce, "Uwar Ummi, ki yi haƙuri in sa baki. Itacen da ya yi ƙwari ba a sare shi daga tushe. Inda ya lalace ake ragewa." Umma ta daɗe tana kallon rezar, sannan ta ajiye ta a kan turmi ta riƙe almakashin.

Ta rage gashin har kusan rabi. Washegari aka tafasa ruwa aka wanke zannuwan gado da ɗankwalaye, aka shanya su a igiya, ni kuma ina ganin kamar duk wanda ya shigo gidan karanta su yake. Umma ta zaunar da mu tsakanin ƙafafunta da mai da matsefi mai ƙananan haƙora, safe da yamma, tana tajewa tana tsincewa. Aka aika wa mai kitso cewa an fasa.

A ranar ne Inna ta kira Abba gaban wardinsa ta kifa masa ganye guda. Ga su nan cunkus, kore-kore, a bayan ganye da wuyan kowane kan fure. Ta ce a gona darɓa suke ce wa wannan danƙon, su kuma ƙwarin ƙwarƙwatar ganye. Abba ya ce, "Ikon Allah, ni ina ta kallon sama!" Ya yanke tohon da ya nannaɗe, ya kaɗa ɗan sabulu a ruwa kamar yadda masu sayar da furanni suka taɓa gaya masa. Inna ta jiƙa ganyen darbejiya, ta zagaye gindin da toka saboda kiyashi. Ni aka ba aikin ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya ana fesawa da yamma, in rana ta yi sanyi. Abba yana ta cewa ƙwarƙwata, ƙwarƙwata, yana dariya. Har yau ban sani ba ko an gaya masa labarin tawa.

Fure biyu ne suka buɗe kafin ranar. Su na miƙa wa kansila, da ɗan kitson da Inna ta yi mini da hannunta mai rawa, karkatacce, a ƙarƙashin farin hijabi. An tafa. Ban ji daɗin tafin ba. Gani nake kowa ya san abin da ke ƙarƙashin hijabin, alhali babu komai a wurin sai gajeren gashi mai tsabta.

Inna ta rasu ina sakandare. Yanzu ina aure a Tarauni, ina da wardi a tukunya a bakin taga. Na daɗe ina zaton tatsuniyar nan a kan ƙwari take, ko a kan faɗin gaskiya. Sai da na girma na haɗu da masu daɗin baki, masu cewa asirinki a rufe yake, na ga yadda nake ramewa a hannunsu ina godiya. Masu cewa ɗaga in gani kuwa ba su da yawa, kuma har yanzu in sun faɗa, sai na ji zafin nan a kunnena kafin in iya. Kunyar ba ta tafi ba. Abin da na koya kawai shi ne in tashi da ita a jikina in ƙetare tsakar gida.

Jiya da safe na ga kiyashi a jikin tukunyar. Na kai hannu zan kifa ganye, sai na tarar ɗaya hannun ya riga ya tafi ƙeyata.