Hajiya Barira ta Madarunfa, Wadda Ta Goya Ado daga Wadai zuwa Makka

Ranar addu'ar uku, ina raba wa mata ruwa a tsakar gida, na ji Iya Balaraba ta ce wa tsohuwar da ke gefenta: "Akuya? Hm. Wace akuya ce za ta kai garin Junaina da ranta a waccan shekara?" Sai ta koma ga carbinta. Iya Balaraba kaɗai ta rage cikin manyan ayarin da suka taka ƙasa zuwa Makka tare da marigayiya, akuyar kuwa ita ce wadda aka ce da nononta aka raini mahaifina, Ado. Sa'idu, autan marigayiya, shi ya roƙe ni in tattara wannan tarihi a karanta ranar arba'in. Bayan arba'in ɗin ne kuma manyansa za su zo gidanmu neman aurena.

Haihuwa da tashi

An haifi Hajiya Barira a Gabi cikin shekarar 1931, shekarar da fara ta cinye hatsi tun yana tsaye. Sunan mahaifinta Jatau, manomi, na mahaifiyarta Kande, mai yin ƙuliƙuli. Ba ta shiga lakwal, wato makarantar boko, ba, a allo kuma ta tsaya a Sabbi, amma ta fito da ƙarfin wuya da na ƙafa, don tun tana ƙarama ita ke kai man gujiyar uwarta kasuwa.

Aure

A 1947 aka ɗaura mata aure da Malam Abdurrahman na Madarunfa, wanda yake noma da damina, yake su a tabki da rani, kuma tun kafin auren ya faɗa wa iyayenta cewa yana da niyyar Gabas, wadda zai aura ta san da haka.

Tafiya

Bayan girbin 1950 suka sayar da hatsinsu, suka yafi kowa kowa ya yafe su, suka fita ta Ɗan Issa cikin ayarin da mahaifin Ado, Malam Tanko, yake jagora tare da matarsa Zuwaira. Sun bi Katsina da Kano da Yerwa, duk inda guzuri ya ƙare sai a zauna, maza su yi ƙodago, ita kuma ta kafa tanda ta toya waina, har a samu abin da zai kai su gari na gaba. Takalminta na farko a Fallomi ya mutu, ba ta sake sa wani ba sai a Jidda.

A farkon 1952, a Abbashe ta ƙasar Wadai, ta haifi 'yarta ta fari, Halima. Wata uku bayan haka Zuwaira ta haifi Ado, jini ya ƙi tsayawa, aka rufe ta a gefen hanya kafin suna. Abin da aka sani a gidanmu shi ne Malam Tanko ya sayi akuya mai nono ya ɗaura ta a ƙugunsa, Barira kuma ta ce a ba ta yaron ta goya. Haka ta keta Darfur da tsakar rani, Ado a baya, Halima a gaba, ƙwarya a ka, a shekarar da rijiyoyi suka ƙafe har jakunan ayari suka faɗi. Mutum huɗu aka bari a wannan tsakani, amma jariran nan biyu sun isa Fashir da ƙiba, alhamdu lillahi.

Sun yi shekara biyu suna tsinkar auduga a Jazira kafin su tara kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin. Ta tsaya Arfa a 1955, Ado yana riƙe da bakin zanenta. Sun iso gida a 1958, rabi a kamiyo, wato babbar motar kaya, rabi a ƙasa, ta miƙa yaron ga dangin ubansa, da yake Malam Tanko bai dawo tare da su ba, ta shiga ɗaki ba ta fito ba sai washegari.

Zaman gida

Allah ya ƙara mata 'ya'ya, na ƙarshe Sa'idu a 1968. Malam Abdurrahman ya rasu a 1984. Ba ta cika ba da labarin hanya ba. In an ce ta faɗi yadda Ka'aba take, sai ta ce, "Ni ƙafata ce ta je, idona na kan yara." In kuwa sabon alhaji ya zo gaishe ta da haƙorin Makka, sai ta dube shi ta ce, "Sannu da zama, Alhajin jirgi. Kujerar ba ta ji maka ciwo ba ko?" Duk kaka Ado yakan kai mata damin farko na gonarsa, ita kuma ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "ɗan hanya".

Jinya

A 1994 rabin jikinta ya shanye, magana ta ɗauke. Sa'idu ya rufe garejinsa na Ɗan Issa ya dawo gida, Ado kuma ya tura 'yarsa Firdausi, mai wannan rubutu, wadda ta gama kolej a shekarar, ta riƙa yi mata wanka da ba ta kunu. A bakin wannan gado ita da Sa'idu suka saba. Wata rana suna dariya, marar lafiya ta kama hannun yarinyar da hannunta mai rai, ta matse, leɓenta yana motsi ba sauti. A lokacin an ɗauka albarka take sa musu.

Rasuwa

Ta rasu ranar Laraba da hantsi cikin daminar 1996, tana da shekara sittin da biyar. An yi mata sutura da farin da ta tsoma a Zamzam, aka kai ta maƙabartar da ke gabas da tabki, Ado ne ya shiga kabari ya karɓe ta. Allah ya saka mata da Aljanna. Duk wanda ya fito daga tsatson Ado, numfashinsa a bayanta aka goyo shi, ba mu da bakin godiya.

Ta bar Halima a Jibiya, da Yusufa da Hadiza a Madarunfa, da Indo a garin Sarkin Yamma, da Sa'idu.

A nan ya kamata in tsaya. Sai dai hukuncin ba ɓoyayye ba ne: in jariri ya kama nonon mace ko sau ɗaya, ya zama ɗanta, 'ya'yanta sun zama 'yan'uwansa, Sa'idu kuma ya zama ƙanin mahaifina. Baba jariri ne a lokacin, bai sani ba, Sa'idu ba a haife shi ba. Na yi ta zuwa wurin Iya Balaraba, na tambaye ta sunayen garuruwa da na rijiyoyi, har jiya ta ce, "Ke jikar Tanko, kullum rijiya, rijiya. Gina ta za ki yi?" Na yi dariya na tashi. Na kai bakin ƙofa, na dawo na durƙusa kusa da kunnenta mai ji.

"Iya," na ce, "gobe zan karanta sunayen 'ya'yanta a gaban jama'a. Don Allah ki faɗa mini, ta ba Baba nono? In sa sunansa?"