Shekarar da Baba da Baffa Suka Daina Cin Tuwo Tare

Kwanan baya ina tsaye wurin mai tumatir a Petit Marché, sai wasu anasara biyu suka wuce ta bayana suna hira. Ba Faransanci suke yi ba. Tun kafin in waiga na gane harshen, don na taɓa jin sa a tsakar gidanmu ina yarinya. Rashanci ne, kuma a bakin baffana na fara jin sa.

Mu mutanen Maradi ne, amma a Yamai na buɗe ido. Babana kuku ne a gidan wani Bafaranshe mai aikin haƙar ma'adinai can arewa. Ya daɗe yana yi masa girki, amma iyakar maganarsu a dafa kaza, a rage barkono. Baffa kuwa, ƙanen Baba, ya samu burs, wato tallafin karatu, ya tafi karatun injiniya Rasha. Da bazara ya dawo, ana zafin da kwalta ke narkewa, da wata hula mai gashi a cikin akwatinsa. Mu yara muka yi ta sa ta muna gumi muna dariya.

Ba a jima ba maigidan Baba ya canza hali. Mutumin da bai taɓa tambayar ko Baba na da iyali ba, sai ga shi yana aiko mana da madarar gwangwani, har da maganin ciwon gwiwa na kakarmu. Kaka ta juya kwalbar a hannunta, ta shinshina, ta ce, "Wa ya gaya masa ina da gwiwa?" Ta tura ta ƙarƙashin gado.

Daga baya muka ji abin da ake so. Anasaran ya zaunar da Baba kan kujera, abin da bai taɓa yi ba, ya ce shi dai yana son sanin su wa ke zuwa wurin Baffa, kuma me suke tattaunawa.

Akwai mai zuwan kuwa. Wani dogon anasara ne, mutumin Rasha, abokin Baffa, mai kawo littattafai masu hotunan dusar ƙanƙara da manyan injuna. Yana fara'a, yana shan furarmu har ya nemi ƙari. Wata la'asar bayan tafiyarsa, na ji Baffa ya ce da Baba, "Yaya, ba wani abu ba ne. Sunayen waɗanda ke cin abinci a gidan maigidanka kawai abokina ke so."

Baba ya ƙura masa ido. Tun daga ranar kowannensu ya ɗauka ɗan'uwansa ya riga ya sayar da shi. In Baba ya shigo, Baffa ya yanke magana. In Baffa ya fita, Baba ya bi bayansa da ido har ƙofa. Mu ma aka hana mu faɗin komai na gida a lakwal, wato makaranta. Mutanen da tun tasowarsu akushi ɗaya suke sa hannu, sai Inna ta koma zuba musu tuwo daban-daban.

Akushi biyun nan ne Kaka ta kasa haɗiyewa. Ta kira su ƙarƙashin bishiyar dogon yaro da ke tsakar gida, ta sa na kwaso madarar da maganin da littattafan na tara a gabanta.

"Ni na haife ku," in ji ta. "Waɗannan mutane faɗansu suke yi, can a ƙasashensu ya yi musu kaɗan, suka biyo shi har cikin ɗakina. Kai, mayar wa naka. Kai ma mayar wa naka. Wanda ya ƙi, ya nemi wata uwar."

Suka mayar. Baba ya ce da maigidansa shi miya ya sani, bai san magana ba. Kafin damina ta kankama aka sallame shi, wai madam, matar maigidan, ta samu wani kuku. Ya kafa teburin shayi da burodi a unguwar Wadata, a nan ya tsufa. Dogon anasaran ma, da ya ga ba labarin da zai samu, ko sallama bai yi mana ba. Baffa ya yi ta yawon ofisoshi da takardunsa, ko'ina a ce ya dawo gobe, don ana ganin ya sha ruwan Rasha. Ƙarshe lissafi ya koyar a wata lakwal ta ƙauye. Sun koma cin tuwo tare, amma hirar da na san su da ita ba ta dawo duka ba.

Yau Kaka da Baba da Baffa duk sun riga mu gidan gaskiya. Sojojin Faransawa sun kwashe kayansu, na Rasha sun sauka, kasuwa kuma ta cika da kayan Sin. Da aka fito tituna ana cewa ƙasarmu tamu ce, ni ma raina ya yi fari, ba zan ɓoye muku ba. Sai dai in na ga sabuwar tuta a hannun yaro, nakan so in san wa ya saya masa yadin.

Babban ɗana ya samu burs zuwa Rasha, yana shirin tafiya. Ya ce mutanen kirki ne, ba abin da suke nema wurinsa. Na ba shi labarin nan, ya yi dariya ya ce, "Mama, wancan zamanin ya wuce." Ban yi masa gardama ba, na sa masa albarka. Amma ƙanensa yana aiki da wasu 'yan Sin masu haƙar mai, kuma jiya da waya ta yi ƙara, na ga ya dubi yayansa, sannan ya tashi ya fita waje kafin ya amsa.