Wutsiyar Garken Taurari

Auta dai tun tana ƙarama ba ta iya barin abu yadda ta same shi. Ta kwance rediyon Baba, ta kwance agogon Yaya, ta sha faɗa har kunnenta ya saba. Da ta shiga jami'a sai ta zaɓi kimiyyar sararin sama, ga shi yanzu tana digiri na biyu. Dangi sun ɗauka kallon sama take yi. Ina! Aikinta a ɗaki ne mai sanyi kamar firij, gaban kwamfuta. Da lissafi take ƙera garkuna biyu na taurari, ta sake su su gogi juna, ta ga ko za su fitar da doguwar wutsiya irin wadda ake gani a hotunan sama.

To, wutsiyar nan ta ƙi fita. Duk gwajin da ta yi, taurarin watsewa suke kamar an jefa dutse cikin kaji. Babbar kwamfutar sashensu kuma layi ake bi, damarta ta ƙarshe ta zo. Farfesan da ke duba aikinta, mutumin da yabo ke yi wa wuya, ya ce, "In babu wutsiya, digiri sai baɗi."

Ran Talata da hantsi tana bitar umarnin da ta rubuta wa na'urar, sai ta dafe kai. Wayyo! Tun farkon shekara, don gwaji ya yi sauri, ta kashe layin umarnin da ke sa nauyin ɓoye, wato abin nan marar ganuwa da ke riƙe taurari wuri ɗaya. Ta manta ba ta mayar ba. Ta mayar, ta tura aikin.

Ran Alhamis ta buɗe sakamakon. Garkunan suka matso, suka gogi juna, sai ga wutsiya tana miƙewa, doguwa, siririya, har da lanƙwasa! Auta ta kurma ihu, ta fita da takalmi ƙafa ɗaya, ta faɗa ofishin Farfesa ko sallama babu.

"Ranka ya daɗe, ta fito! Wallahi ta fito!"

Ya biyo ta yana ɓata rai. Ya tsaya ya kalla har ƙarshe. Can ya jawo kujerarta ya zauna, ya goge tabarau.

"Ke, sake kunna mini daga farko."