Motar Eulogio Mai Ja Hagu

Mijina Eulogio bai taɓa tuƙa motar da ke tafiya a miƙe ba. Wadda ya gada wurin mahaifinsa ƙatuwar motar Amurka ce ta zamanin kakanni, shuɗiya, da ita yake jigilar mutane tsakanin Cárdenas da Matanzas tun kafin ya aure ni. Injinta na wata mota ne, fitilun na wata, kujerar baya kuwa ni na ɗinke ta da tsohon labule. Sitiyari kaɗai ya rage mata na asali, shi kuma ja yake hagu.

Laifin wani ɗan bawul ne a ƙarƙashi, kusa da tayar gaba, wanda ke raba man sitiyari dama da hagu. Ya cinye, irinsa kuma babu shi a ƙasar nan. Eulogio ya yanka masa roba daga tsohon tiyub, ya yanka masa fata daga takalmina, bai daina ja ba. Kowace Lahadi yana kwance a ƙarƙashinta, har na fi sanin tafin ƙafarsa a kan fuskarsa. Sauran ranakun kuma yana kan titi yana danne sitiyari dama, yana yi wa fasinja faɗan buga ƙofa.

'Yarmu ɗaya, Yamilka, tana Tenerife, wani tsibiri mai nisa a ƙetaren teku. Can ta yi aure, can ta haifi Idaira, jikar da ban taɓa jin nauyinta a hannuna ba. A waya na ga rarrafenta, a waya na ga ta yi famfara. Yamilka ta shirya mana komai na tafiya, har ɗaki. Amsar ubanta ɗaya ce kullum.

"Wa zan sayar wa motar da ke ja hagu? In kashe ɗan mutane? Bari in gyara tukuna."

Ni kuma ba zan tafi in bar shi ba. Mutumin da ko baƙin wake bai iya dafawa ba, ina zan bar shi?

Da Yamilka ta gaji, sai ta nemo bawul ɗin sabo fil, ta naɗe shi a cikin safa, ta ba wata maƙwabciyarmu da ke dawowa gida. A waya ta ce, "Baba, ga shi nan. Sai kuma me?"

Ran Lahadi ya ɗaga gaban motar da jak, tayoyin suna lilo. Ya ɗaura wa kowane tiyo zaren ɗinkina mai launi daban don kada ya sauya musu wuri, ya cire tsohon, ya ɗaura sabon, ya cika mai. Sauran saiti, wannan kuwa aikin mutum biyu ne. Akwai wani ɗan noti a bakin bawul ɗin. Shi yana ƙasa yana murɗa shi da sufana, ni ina kan kujera ina kallon inda sitiyari ke juyawa da kansa.

"Tsohuwa, kada ki zura hannu ta cikin sitiyari. Ta gefe za ki murɗa makulli, in ya fizga sai ya karya ki."

"Yau ka fara gaya mini? Yi aikinka, tsoho."

Na tayar da injin. Sitiyarin ya tafi hagu, na faɗa masa. Ya murɗa notin, sitiyarin ya koma dama, na faɗa masa. Ya ɗan sassauta. Sai ga sitiyarin ya tsaya cak, injin na ruri, shi ko motsi. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. A raina har na fara zaɓen kayan da zan sa a akwati.

Muka fita gwaji ta hanyar bakin teku. Motar ta miƙe sambal, amma hannun Eulogio bai sani ba. Danne dama ya ci gaba da yi kamar yadda ya saba tun yana saurayi, muka yi kan wani keken doki, da ƙyar ya kauce.

Mai keken ya ɗaga bulala. "Kai baba, tun da rana ka fara sha?"

Eulogio ya tsaya a gefen hanya. Ya ce, "Wannan ba motata ba ce."

"Ai shi ke nan, ta mai saye ce," na ce.

Ya daɗe yana kallon ruwa. Can ya ce, "Nereida, a can Tenerife me mutum yake yi ran Lahadi?"

"Ya ɗauki jikarsa."

Ya juya kan mota. Da muka dawo gida ko kofi bai sha ba ya jawo jak, wai akwai ɗan saura. Na hau kujera na tayar. Sitiyarin na nan tsaye, babu abin da ya same shi, na kuwa gaya masa har sau biyu da babbar murya. Duk da haka na ji ƙarar sufana a kan notin.

A hankali sitiyarin ya fara lallaɓawa hagu.

"Yana ja, ko?" in ji shi daga ƙasa. Muryar tasa ta yi ƙanƙanta, kamar ta mai roƙo.

Na san abin da ya yi, shi ma ya san na sani. Haushinsa ya cika ni har wuya, tausayinsa kuma ya fi haushin ƙarfi, abin da ya fi ba ni takaici ke nan.

"Yana ja," na ce.

"To, kashe."

Na kashe. Daga kicin wayata ta fara ƙara, Yamilka ce za ta tambayi yadda aka yi. Na zauna a motar har ta katse.