Tukunyar Da Nake Turawa Ƙarƙashin Gado

Ni fa ba neman aikin talabijin na yi ba, faɗa na yi aka ɗauke ni. Bayan aurena na fari ya mutu, na bar Sabon Birni na koma Sakkwato wurin kawuna, na kafa tukunyar shinkafa da miya a bakin ƙofar gidan talabijin. Wata rana wani mai ɗaukar hoto ya ɗaga tsokar naman da na sa masa, ya haska ta a rana, ya ce wai yana hango masallaci ta cikinta. Na ce to madalla, ya ajiye min namana ya tafi ya yi sallah. Muka yi ta cacar baki har mutane suka kewaye mu. Ashe mai shirya wasan kwaikwayo yana tsaye a baya da kwanonsa, yana dariya har da riƙe ciki. Kashegari ya aiko a kira ni.

Marowaciya aka ba ni in fito, matar wani tela a gidan haya. Aikina ɗaya ne kowane mako. Ina zaune a bakin gado da tukunya a gabana, sai a yi sallama. Sai in sa ƙafa in tura tukunyar ƙarƙashin gado, in goge baki da gefen zane, in ce, "Wayyo, da kin yi sauri kaɗan, yanzun nan muka wanke kwano." Shi ke nan fa. Amma wani mako tururi ya riƙa fitowa ta ƙarƙashin gadon, wani mako kyanwa ta fito da ƙashi a baki, wani mako baƙuwar ta zauna ta ƙi tashi har la'asar. Mutane ba su gaji ba, ni ma ban gaji ba. In na shiga gidan biki sai mata su ce a ɓoye tukwane ga ta nan, ni kuwa in tsuke fuska in tambayi wa ya ba su izinin zuba nama bibbiyu. Ba za ni ɓoye ba, daɗi nake ji. Na bar sayar da abinci, na kama ɗakina, na san kaina a karo na fari.

Abu ɗaya ne ban yi ba, ban nemi izinin Inna ba. Kawu ya ce in bari sai ya je gida ya yi mata bayani, kuma kawu bai taɓa zuwa ba. Na kwantar da hankalina da cewa babu talabijin a garinmu.

Inna kuwa, duk Sabon Birni an san hannunta. In ta kwashe tuwo sai ta cika kwano ɗaya ta rufe da faifai ta ajiye gefe, na baƙo ne, ko baƙon ya zo ko bai zo ba. Matan Fulani masu kawo nono ranar kasuwa a gidanmu suke sauke ƙwarya su sha ruwa su miƙe ƙafa. Wannan matar ce ɗiyarta ta zama sarauniyar rowa ta jiha guda. Bakina ya fi ƙarfin kowa, amma ban da ita. Na sani sarai, ranar da ta ce in bari, na bari ke nan, sai in koma bakin ƙofa da ludayina.

A shekara ta uku ta wasan ne ruwa ya ɗauke tun gero bai fidda kai ba, kuma bara ma haka aka yi. A Sakkwato muna jin labari, muna ganin mutanen ƙauye suna shigowa da tabarmi da yara. Amma duk wanda ya zo daga gida na tambaye shi, sai ya ce Inna ta ce lafiya lau. Bagobira ko tana mutuwa lafiya lau za ta ce, ni ce sakarai da na yarda.

Sai ga wani direban garinmu ya same ni a wurin aiki. Ya ce, "Inna ta ce ki taho. Ta gan ki."

Na ce, "Ta gan ni a ina?"

Ya ce wani ma'aikacin kwastan ne ya kawo talabijin da janareta, ya ɗaura eriya a kan doguwar gora, ranar wasanmu matan unguwa suna cika masa tsakar gida. Aka yi ta ba Inna labari har ta yafa gyale ta je ta gani da idonta. Na tambaye shi ko ta yi dariya. Ya ce shi dai bai ji an ce ta yi ba.

Na shiga kasuwa na yi sayayyar ban haƙuri: turmin atamfa, sabulu mai ƙamshi, turare, da biredi uku. Ko tiya ɗaya ta hatsi ban saya ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. A mota kuwa jawabi nake haɗawa, yadda za ni ce mata wasa ne, faɗakarwa ce, ana nuna wa mutane munin rowa. Da muka wuce Isa jawabin ya fara zubewa. Gonaki sun koma kara tsaye babu zangarniya, gulbi ya zama rairayi, ga mushen shanu a bakin hanya. Wajen Gatawa na ga mata sun duƙa a daji suna tsinkar anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki kafin su ciwu.

Na sami Inna ta rame, zanen nata har ya zagaye ta sau biyu. Yayana ya tafi cin rani kudu da matarsa, sun bar mata jikoki uku. Yaran suka far wa biredin, ita kuma ta juya atamfar ta ce tana da kyau, ta sa albarka. Ba ta ɗauko maganar ba. Ta shigo da 'yar tukunya ɗaki, anza ce da ɗan tsakin gero, ta jera kwanoni za ta raba. Na lura babu kwanon baƙo a ciki.

Sai aka yi sallama a tsakar gida. Na gane muryar, Goggo ce, wata Bafulatana daga wajen Turba, ƙawar Inna tun ban san kaina ba.

Inna ta dubi jikokin. Ta sa hannu biyu ta ɗaga tukunyar, na ji tana bisimilla a hankali, ta shigar da ita ƙarƙashin gado ta saki zanen gadon. Sannan ta amsa sallamar.

Goggo ta shigo babu ƙwarya a kai. Da ta gan ni ta tafa hannu ta ce a'a, yau ga marowaciya a gida, ta rungume ni. Aka gaisa, aka tambayi mutanen ruga. Ta ce shanu saura biyu, su ma sai an ɗaga su suke tashi. Inna ta ba ta ruwa a moɗa. Suka taɓa hira kaɗan, Inna tana kallon tabarma. Ni da nake yin abin nan kowane mako gaban na'ura, na rasa inda za ni sa idona. Goggo ta shanye ruwan ta ce bari ta kama hanya tun rana ba ta faɗi ba.

Goggo ta fita. Inna ta ce, "Kin gani?"

Na ce, "Na gani, Inna."

"Wata biyu ke nan ina yin shi. Matan da ke cika gidan kwastan suna ƙyaƙyata miki, kowacce yi take a ɗakinta. Ni da na je ban iya dariya ba, kaina na gani."

Na ce, "Inna, ki yafe mini. In kin ce in bari, ba ni komawa."

Ta harare ni. "Wa ya ce ki bari? Garin ga rana ɗaya ake dariya a mako, ita za ki hana mutane? Abin da na kira ki in gaya miki, da ƙafa kike tura tukunya. Abinci ne, ɗiyar nan. Wa ya koya miki taɓa abinci da ƙafa? Ki ɓoye in za ki ɓoye, amma ki sa hannu biyu."

Na yi tafiyar yini guda da jawabi a baki, ashe gyaran wasa aka kira ni a yi mini. Na fara dariya, sai ta juye mini kuka. Inna ta ce in rufe mata baki. Ta jawo tukunyar ta zuba wa yaran nasu, ta juye sauran duka a kwano ɗaya, rabona da nata, ta rufe da faifai ta miƙo mini.

"Bi ta, ba ta yi nisa ba. Ni ba ni iya haɗa ido da ita."

Na fita da kwano a hannu ina sauri. Matan unguwa suka leƙo ta kan danga, wata ta ce jama'a ku zo ku ga abin mamaki, marowaciya za ta kai abinci. Na ce mata ba gidanku za ni ba, kwantar da hankalinki. A bakin gari na cim ma Goggo, tana tafe a hankali da sanda. Na ce Inna ta ce ta yi mantuwa, ashe akwai sauran abinci.

Goggo ta karɓa, ta ɗaga faifan ta duba, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Tun daga zaure na ji ƙamshin anza. Na ga yaran, shi ya sa na tashi da wuri." Ta kama hannuna ta matse. "Kada ki gaya mata na sani. In ta ji, ba ta ƙara iya kallona, ni kuwa ita kaɗai ta rage mini a garin ga."

Da na koma, Inna tana tsaye a bakin zaure tana jirana. Ta ce, "Ta gane?"

Fiye da shekara goma na yi ina wasa bayan wannan, amma ban taɓa gyara fuska da kyau irin na ranar ba. Na ce, "Ina fa, Inna. Cewa ta yi ke dai ba ki canzawa."