Ƙofar Ofishin da Yaya Haruna Bai Taɓa Shiga Ba

Da daminar bana Yaya Haruna ya cika shekara tara da rasuwa. Duk shekara abin da nake yi bai wuce in sa a toya waina a raba wa maƙwabta sadaka, in kira matarsa mu yi masa addu'a, in koma shagona ba. Ban taɓa tunanin zan kawo zancensa jarida ba. Abin da ya sa na kawo shi bana shi ne, na samu labarin yayana ya samu aiki. Mutumin da aka sallata a ƙofar gidanmu, ina leƙe ta zaure aka ɗauke shi aka tafi, ashe yana da ofis, yana da kujera mai juyawa, har an yi masa ƙarin girma zuwa Farfesa.

Ni ce ke bi masa, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya karanta ilimin halayyar ɗan'adam har digiri na uku, a lokacin da in ka faɗi sunan wannan karatu a unguwarmu sai a tambaye ka ko duba ne. Mahaifiyarmu har ta koma ga Allah ba ta gane wane irin dokta ne ɗan nata ba. In ta ce kanta na ciwo ya ce ta je asibiti, sai ta tambaye shi to ina amfanin nasa doktancin. Ni kuwa Dokta Ba Allura nake kiransa, yana kuma amsawa.

Abin da ya ɗauke masa hankali shi ne masu jego. Ya lura akwai matan da in sun haihu sai su yi shiru, abinci ya fita ransu, jaririn ma ba sa son kallonsa, dangi su ce iska ce ko baƙin hali. Shi ya ce ciwo ne, yana da suna, yana kuma da magani. Matsalarsa ɗaya, namiji ba ya shiga ɗakin mai jego ya zauna yana jera mata tambayoyi. Saboda haka ni ya ɗauka. Lokacin ban daɗe da barin koyarwa a firamare na buɗe shagon atamfa a kasuwar Muda Lawal ba. Ranar Lahadi sai in rufe shago, ya ɗauke ni a tsohuwar motarsa mu nufi ƙauyen Zungur ko Tirwun. Ni in shiga ciki, a zuba mini kunun kanwa, in yi ta hira da matan, shi yana zaure da mai gida. In na fito ina faɗa masa abin da suka ce, da zarar na ƙara gishiri kaɗan sai ya ɗago ido ya tambaye ni, haka ta faɗa, ko haka na ji? Ya sha ba ni haushi da wannan tambaya.

Akwai wata mai jego a Zungur da muka yi hira da ita, muka yi alkawarin komawa in ta yi arba'in. Da muka koma muka tarar ta rasu. Mijinta, mutumin kirki, ya ga mun taso tun daga gari a kan hanyar da ruwa ya cinye, ya ji tausayinmu. Ya ce ba sai mun koma hannu rabbana ba, ya san matarsa ciki da bai, mu tambaye shi ya amsa a madadinta. Yaya ya yi masa ta'aziyya, ya yi masa godiya, sannan ya ce, "Malam, ta riga mu gidan gaskiya. Ba zan sa mata maganar da ba ta faɗa ba." Muka ci tuwon da aka kawo mana muka juyo, wurinta a binciken nasa ya zauna babu komai har ya kammala.

Wannan mutumin ne ya ƙare rayuwarsa yana neman gurbin koyarwa na dindindin bai samu ba. A lokacin ba kowace makaranta ke da sashen wannan ilimi ba, inda kuma ake buƙatarsa, kwas ɗaya ne ake cusawa cikin karatun malanta. Sai ya zama malamin wucin gadi, yau nan, gobe can. Ofis kam bai taɓa samu ba. Bencin da ke cikin shagona shi ne ofishinsa, nan yake baje takardun jarrabawa yana dubawa, masu sayen atamfa suna tsallake ƙafafunsa. Ɗalibansa ma nan suke zuwa su same shi. Ina yi masa tsiya in ce zan sa a rubuta sunansa a saman bencin, shi kuma ya ce in bari, ƙofar ofishinsa na nan tafe.

Gab da ciwon da ya tafi da shi, aka buɗe wata makaranta mai zaman kanta. Ba zan faɗi sunanta ko inda take ba, za ku ji dalili. Ya sa aka goge masa babbar riga, ya kai musu takardunsa da hotonsa da duk abin da ya rubuta a kan masu jego. Suka karɓa, suka ce babu gurbi tukuna amma za su neme shi. Har ya rasu ba su neme shi ba.

Na sha cewa da Yaya zai leƙo duniyar yau da ya yi murna. Abin da ake yi masa dariya a kai, yanzu a rediyo ake zancensa. 'Yarsa Zulaiha, wadda ta bi sahunsa ta yi digiri na biyu a fannin, kullum wayarta cike take da sanarwa, ana neman malamai nan, ana neman masu bincike can, wasu daga waje sun ba da tallafi. Sai dai ganin sanarwa daban, samun aikin daban. Ta daɗe tana nema, ga shi ita ce babba, ƙannenta da mahaifiyarsu ita suke kallo. Don haka ranar da aka kira ta intabiyu a wannan makaranta, aikin koyarwa haɗe da bincike a kan lafiyar masu jego, har guɗa na yi a shago. Na ce Allah ya mayar wa 'ya abin da aka hana uba.

Bayan la'asar ta dawo. Ko sallama ba ta yi ba, ta zauna a kan bencin ta miƙo mini wayarta. Hoton wata ƙofa ne, da ɗan allon katako a jikinta, an rubuta Farfesa, sannan cikakken sunan yayana. Na ce suna ne ya zo ɗaya, Haruna nawa ne a garin Bauchi. Sai ta nuna mini hoto na biyu, bangon da aka jera hotunan malaman sashen. Shi ne a sama, da hular da ni na saya masa, hoton nan dai da ya kai musu.

"Goggo," ta ce, "wai a ƙarƙashinsa zan yi aiki. Sun ce yana ƙasar waje hutun bincike, zai dawo."

Almakashi ne a hannuna, ban san lokacin da ya faɗi ba. Wata mai sayayya tana yi mini magana, ina kallon bakinta na kasa gane abin da take faɗa. Abin da ya fara zuwa mini, Allah ya gani, ba fushi ba ne, tsoro ne, irin na wanda ya ji an kira sunan mamaci a tsakar gida yana jin kamar za a amsa. Fushin daga baya ya zo, da ya zo kuwa bai zo da wasa ba.

Washegari na yafa mayafi muka hau keke napep tare. Na ga ƙofar da idona. Na ce wa masinja ni ƙanwar Farfesa ce, ya russuna ya buɗe mana, har yana tambayar yaushe oga zai dawo. Ofis ne mai kyau, da kafet, da na'urar sanyaya ɗaki, da kujerar da ko ledarta ba a cire ba. Kullum ana share shi. Na tsaya a tsakiyarsa na tuna yayana a kan benci, gumi na ɗiga a kan takardun yara, sai hawaye ya ƙwace mini.

Shugaban sashen matashi ne, na haifi kamarsa. Na shiga da niyyar in wanke shi tas, amma ina faɗin ko ni wace ce, ko wace ce Zulaiha, sai ya tashi ya rufe ƙofa, ya dawo ya durƙusa a gabana. Bai yi musu ba. Ya ce shi ma haka ya tarar, ya kuma ci gaba da shi. Masu zuwa tantance makarantu ba sa amincewa da sashe sai da manyan malamai masu digiri na uku, waɗanda suke da shi kuwa wasu sun tsallaka waje, wasu ba za su zo a kan albashin da ake bayarwa ba. Sai aka tono tsofaffin takardun masu neman aiki, aka zaɓo wanda ya fi cika. Da aka ji ya rasu, aka ga ai hakan ma ya fi sauƙi, tunda ba zai zo ya yi ƙorafi ba. Tallafin binciken da za a ɗauki Zulaiha a kansa, shi ma da sunan Yaya da aikinsa na Zungur aka samo shi. Na tambaye shi wa ke sa hannu a madadinsa, ya sunkuyar da kai.

Can ya ce, "Hajiya, in magana ta fita, za a iya rufe sashen nan, yaran da ke ajin ƙarshe takardarsu ba za ta yi musu amfani ba. Ki bar mu mu lallaɓa har in gama nawa digirin. Aiki kuwa Zulaiha ta samu, ko ranar Litinin ta fara."

Ba zan ɓoye muku ba, maganarsa ta shige ni. Na tuna ƙannen Zulaiha, na tuna mahaifiyarsu. Na tuna 'ya'yan mutane da na wuce a baranda suna karatu, ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Akwai kuma wani lungu a zuciyata da ya ji daɗin ganin Farfesa a gaban sunan yayana, ko ta wace hanya ya zo. Da ni kaɗai ce, ban san abin da zan ce masa ba.

Zulaiha ce ta yi magana, a hankali, yadda ubanta ke yi. Ta ce ba za ta kai ƙara ko'ina ba saboda ɗaliban, amma ya je ya nemo rayayye ya sa a gurbin. Ta ce aikin kuwa ba za ta iya ba. "Malam, in na je Zungur matan nan suka tambaye ni ina Baba, me zan ce musu? Kuma duk abin da na rubuto, kai za ka sa masa hannu ka ce shi ya faɗa." Ta roƙi abu ɗaya, a kwance allon a ba ta a lokacin. Masinjan da ya russuna mana shi aka sa ya kwance, yana yi yana kallonmu, bai gane komai ba.

Ban san abin da ya biyo baya a makarantar ba. Na dai ji an sauke hoton. Ko rayayye suka samo, ko wani mamacin suka ɗauko, Allah masani. Shi ya sa nake cewa duk wanda ɗan'uwansa ya rasu ya bar digiri, ya yi ƙoƙari ya tuna inda marigayin ya taɓa kai takardu. Ina ta tambayar kaina me Yaya zai ce da ya ga wannan zamani. Na san sai ya fara tausaya wa shugaban sashen nan kafin ya yi fushi, haka halinsa yake, a kan haka ma muke yawan faɗa da shi. Amma a ce mutumin da ya ƙi yarda miji ya amsa tambaya a madadin matarsa da ta rasu, shi aka mayar mai sa hannu daga kabari, wannan kam na kasa haɗiye shi.

Zulaiha har yau ba ta samu aiki ba, ita ke taya ni a shago. Mahaifiyarta ta yi kuka da ta ji labarin, ban tambaye ta wanne take yi wa ba, mijin ko aikin. Allon kuwa shago muka kawo shi. Na nemo ƙusa zan kafa shi a saman bencin, in cika tsohuwar tsiyar da nake masa. Zulaiha ta karɓe shi ta fita, sai ga ta ta dawo daga wurin kafinta an yanke gefe guda da zarto. Farfesan ya tafi, saura sunan kawai. Na yi faɗa, na ce bayan duk wahalar da ya sha, ko wannan ba za ta bar masa ba? Ta ce, "Goggo, bai kai nan ba. Ba zan sa masa abin da ba nasa ba."

Allon na nan a saman bencin, ya gajarce, gefensa ɗaya ko gogewa ba a yi ba. Kwanan baya wata dattijuwa daga Zungur ta shigo sayen atamfar suna, ta gane ni, ta tambayi sunan wa aka kafa. Da na faɗa mata ta ce Allah sarki, mutumin zaure. Ta ce saboda abin da muka taɓa faɗa musu ne, da surukarta ta yi shiru bayan haihuwa ba su ce iska ba, asibiti suka kai ta. Sannan ta tambaya yana ina yanzu. Zulaiha, da ke ninke mata atamfar, ta ce ya rasu, shekara tara ke nan. Dattijuwar ta ajiye jakarta, ta ɗaga hannu ta roƙa masa gafara da hasken kabari, muka shafa. A can makarantar, duk shekarun da ya yi yana hutun bincike, babu wanda ya taɓa yi masa wannan addu'ar.