An wanke allon Dakta Hamisu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina tsaye a gaban ɗalibaina a Kazaure aka kira ni daga Roni, wai Dakta Hamisu ya rasu. Alli na hannuna, na rasa inda zan ajiye shi.

Shi ne supabaizana a digiri na biyu, fannin lissafi. Aikinmu a kan topological groups ne. Kar ku ce in fassara, ni ma sai da na sha wuya.

Ranar farko da na ce masa ban gane quotient ba, tsumma ya ɗauko ya naɗe shi ya zama gammo. Ya ce, "Layin lambobi ba shi da ƙarshe. Naɗe shi haka, ya koma zobe, ka kama shi a tafin hannu. Abin da ya kamu haka shi ne compact." Tambayar da muke bi kuwa ita ce: in ƙaramin rukuni na ciki ya kamu, abin da aka naɗe ma ya kamu, me za a ce game da babban?

Duk Asabar nake hawa acaɓa in same shi a gida. Bangon zaurensa ya shafe da baƙin fenti, shi ne allonmu. Bai taɓa bari na taɓa alli ba sai na sha fura. "Lissafi da yunwa ƙarya ne," in ji shi.

Doka ɗaya gare shi: ba a ɗaukar hoton allo. "Abin da ka ɗauka a waya, wayar ce ta sani, ba kai ba." Wallahi dokar nan ta sha ba ni haushi.

Asabar ɗin da ta wuce na tarar da shi yana murmushi. Matakin ƙarshe na aikina, wanda ya tsaya mana a wuya tun bara, ya samo hanyarsa. Ya cika bangon tun daga sama har ƙasa. Na bi rabi, rabin ya fi ƙarfina. Na zaro waya, ya harare ni.

"Mayar da ita, gaggawar me kake? Bango ba ya gudu. Ka dawo Asabar mu bi shi a hankali."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Yau bayan mun dawo daga maƙabarta na shiga zauren. An share, an shimfiɗa tabarmi don masu ta'aziyya. Bangon kuwa baƙi wuluk, har da sauran danshi.

Yayan Dakta, Alhaji Ado, dattijo manomi, ya ga na ƙura wa bangon ido. Ya ce, "Ni na wanke shi da hannuna, ɗana, kar alli ya ɓata wa baƙi riguna. Ko da wani abu mai amfani ne?"

Idanunsa sun yi jawur. Ƙaninsa ya binne yanzun nan. Me zan ce masa?

Na ce, "Babu komai, Baba. Allah ya ba mu haƙuri."

Na fita bayan gida na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Ban san ko zan iya gama aikin nan ba, gaskiya. Rabin da ke kaina na rubuta shi ɗazu a tasha. Ɗaya rabin ya tafi da mai shi, kuma ba ni da wanda zan je wa Asabar.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Hamisu, ka yalwata masa kabari, ka sa ilimin da ya ba mu ya bi shi da lada. Ka sanyaya zuciyar iyalansa da ta Baba Alhaji.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan, ko ba ka san shi ba, ka tsaya ka yi masa addu'a.